Tsakanin Zama da Tashi

Ƙarfe biyun dare a Nerima.
Jirgin ƙasa na ƙarshe ya wuce bai jira ni ba,
ni ma ban sa rai ba.
Teburina gilashi ne, fitila a ƙarƙashinsa,
ƙusa uku a goshinsa sun cije takarda
yadda tela ke cije zare.

Ba ni ke haifar fuskoki ba.
Manyan masu zane, can bene na uku,
hoto biyu suke aiko mini:
ga tsohuwa a durƙushe, ga ta a tsaye.
Abin da ke tsakani shi ne rabona.
Yen ɗari biyu kowace takarda,
in ta karɓu.
Na taɓa lissafawa a bayan ambulan:
ƙiftawar ido ɗaya, kwanon taliya ɗaya.

Sau uku Horiuchi yana dawo mini da ita.
Ba ya faɗa. Jan fensir ne bakinsa.
Ya kewaye gwiwa, ya rubuta a gefe:
"Tsohuwar nan ba ta da nauyi.
Shekarunta nawa? Tashin balan-balan take yi."

Kusa da ni Setsuna ta kifa kai tana barci,
gefen tafinta baƙi ƙirin da bin fensir.
Wata mai kamawa za ta koma garinsu,
an ce akwai gurbi a gidan waya.
Mu goma sha ɗaya muka shigo bara.
Saura huɗu.

Na ture kujera, na durƙusa a ƙasa,
na tashi. Na sake. Na sake.
Shekara ashirin da uku
ba su san komai a kan tashi ba.

Sai kakata ta faɗo mini,
a Hirosaki, lokacin tsinkar tuffa,
in shayi ya ƙare, hutu ya ƙare.
Ba ta miƙewa kai tsaye.
Tafin dama a kan gwiwa,
ta karkata gaba kamar mai neman allura a tabarma,
ta tsaya nan,
numfashi guda,
tana neman izinin ƙashi.
Sannan ta bar ƙasa, a hankali,
kamar mai sallama da maƙwabciya.

Takarda tara.
A ta biyar babu abin da ya motsa
sai kafaɗa, kaurin gashi ɗaya.
Ita ta cinye mini sauran daren.

Da safe Horiuchi ya kaɗa su da yatsu,
far, far, far,
tsohuwa ta tashi a hannunsa sau shida.
Bai ce uffan ba.
Ya maƙale jan fensir a bayan kunne, ya wuce.

An nuna shi daren Alhamis.
Bai cika sakan biyu ba.
Sunana ya bi ayarin ƙananan sunaye
masu hawa allo kamar tururuwa
lokacin da kowa ya tafi wanke kofi.

Waya ta yi ƙara.
Baba ne, wanda bai taɓa kallon katun ba,
wanda ya ce zane ba ya biyan haya,
kuma bai yi ƙarya ba.
"Ban ga sunanki ba," ya ce, "ya yi sauri."
Shiru.
"Amma wa ya ba su tashin mahaifiyata?"

Na ji yana fyace hanci nesa da wayar.
"An fara sanyi a nan.
Zan aiko miki da kwalin tuffa,
ki ba abokan aikinki masu tabon."

Yau sabon ambulan ya sauko.
Yaro zai jefa ƙwallo:
ga hannu a baya, ga hannu a gaba.
Kujerar Setsuna babu kowa,
ta bar mini rabin abin gogewa.
Na fere fensir.
Na kunna fitilar ƙasa.